Karen da Ya Faɗa Ruwa Saboda Neil

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo wai na ɗora wa Neil karan tsana ba dalili, har wata ta ce baƙin ciki nake don ƙanwata za ta riga ni aure, duk na gani. Ku karanta abin da ya faru ranar Asabar ɗin nan a kan ruwa tukuna, sannan mu yi magana.

*

Tun a mota na san akwai wata a ƙasa.

Neil, mutumin da zai auri ƙanwata Marivic a watan Oktoba, bai ce uffan ba daga gida har bakin Tafkin Union. Shi da ko jar wutar hanya sai ya tsokana. Shi ne fa ya gaya mana a wani ƙauyen Montana ya tashi cikin shanu, iyayensa sun rasu, ba wa ba ƙani, bara ya fara taka Seattle. Ya ce ruwa tsoro yake ba shi, ko iyo bai iya ba.

Amma Marivic ta kafe. Mama ta cika saba'in, kuma a kan ruwa za a yanka mata kek. Ta kama hayar wani jirgin ruwa mai batir, mai rumfa da kujeru zagaye da tebur, ba ta shawarci kowa ba.

A matsayar jiragen, budurwar da ke ba da haya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa zai tuƙa?"

Neil ya ja hularsa har kan gira, ya juya mata ƙeya.

"Ni," na ce.

"To Anti, ba wuya. Ki tura sandar nan gaba, ya yi gaba. Ki jawo ta, ya yi baya. Ba ya gudu ko kin roƙe shi. Kada dai ki tsaya a tsakiyar tafkin, nan ƙananan jiragen sama ke sauka a kan ruwa. Rigunan ceto suna ƙarƙashin kujera."

Mama ta riga ta shige. Ta baje kwanon lumpia, soyayyen naɗin fulawa mai nama, da na pancit, taliyar ƙasarmu, a kan tebur, ta gyara zama.

"Wannan ai falo ne aka ɗora a kan ruwa. Perlita, kada ki kifar min da abinci."

"Mama, ke ba kya tsoron in kifar da ke?"

"Ni na ci zamanina. Pancit ɗin ne bai ci nasa ba."

Aka kira budurwar daga ofis, ta ce tana zuwa ta kwance mana igiya. Ba ta kai ga dawowa ba. Neil ya sunkuya, hannu ɗaya ya sa, ya fizge wani gefe, ƙullin ya warware. Ya naɗe igiyar a gwiwar hannu, ya ajiye ta a gefe tsaf. Idonsa ma ba a kanta yake ba.

"Ina ka koyi wannan?"

"Wanne?"

"Igiyar."

Ya yi 'yar dariya. "Yaya Perlita, igiya ai igiya ce. Da ita muke ɗaure maruƙa."

 Na ajiye maganar a raina.

Muka fita a hankali. Jirgin ba ƙara, ba hayaƙi, ko cokali ya taɓa kwano sai kowa ya ji. Rana ta fito sosai, tafkin cike da mutane, masu kwale-kwale, masu tsayuwa a kan allo suna tuƙi, wasu 'yan mata a wani jirgin irin namu suna ta ihu da kiɗa. Mama tana ɗaga wa kowa hannu kamar 'yar takara.

Ni kuwa tuƙi ya gagare ni. In na juya dama sai jirgin ya yi tunani tukuna, kafin ya amsa na ƙara juyawa, sai ya wuce gona. Ban ankara ba na tsinci kanmu a fili, ba kowa kusa da mu.

Sai na ji rugugi ta bayan kaina.

"Perlita!" Mama ta dafe ƙirji. "Jirgin sama!"

Na waiga. Yana saukowa ta saman dogayen gine-gine, ƙafafunsa biyu a miƙe, kai tsaye inda muke. Na kama sandar in tura, ashe baya na ja. Na saki sitiyari na kama kai.

Ban ga lokacin da Neil ya tashi ba. Ya ture ni da kafaɗa, ya maida sandar gaba, ya murza sitiyarin sau ɗaya. Jirgin da ya ƙi jin maganata ya bi shi kamar rago. Jirgin saman ya sauka can gefe, igiyar ruwansa ta taso mana, Neil ya juya hancin namu ya tare ta, ko romo bai zube ba.

"In iskar arewa ce, ta kan gari suke saukowa," ya ce. "Ba a tsayawa nan."

Yana rufe baki na ga ya yi nadamar buɗe shi.

"Wa ya gaya maka?"

"A waya na karanta."

"Yaushe?"

"Jiya."

"Tuƙin ma a waya ka karanta?"

"Perlita, ki bar yaron nan," in ji Mama. "Ya ceci ranmu kina masa tambayar 'yan sanda. Ungo lumpia, ɗana."

Ya karɓa, bai ci ba. Bai kuma mayar min da sitiyarin ba. Ya nufi yamma da mu, wajen gadar Fremont.

Marivic, wadda tun da muka taso ba ta ce komai ba, ta cire gilashin ranarta.

"Masoyi, juya gabas. Ina so Mama ta ga gidajen kan ruwa."

"Akwai wasu ta nan gaba."

"Na gabas nake so."

"Can da cunkoso. Lungunan sun matse, ga masu kwale-kwale."

"Ka taɓa zuwa ne?"

Da murmushi ta faɗa. Amma ni na goya Marivic, na san murmushinta kala-kala. Wannan irin wanda take yi ne in ta riga ta san amsa.

"A'a," ya ce.

"To mu je mu gani tare."

Ya juya.

Sai a lokacin na kalli ƙanwata da kyau. Farantinta yana nan yadda Mama ta zuba. Ta matse hannayenta a tsakanin gwiwoyi. Duk zargina a kan Neil yake tun safe, ban taɓa kawo wa raina in tambayi me ya sa ita ta nace sai ruwa ba.

Muka fara bin gidajen. Mama sai santi take.

"Kai! Dubi wancan mai jar ƙofa. To su in yaro ya yi rarrafe fa?"

 Neil yana ta jan jirgin nesa da gefe, Marivic tana cewa, "Matsa kusa, Mama ba ta gani." Ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji.

A ƙarshen wata gadar katako akwai wani gida shuɗi, baranda cike da tukwanen furanni. Wata tsohuwa doguwa mai farin gashi tana ba su ruwa. Kusa da ƙafarta wani baƙin kare ne kwance, bakinsa duk furfura.

Karen ya ɗaga kai.

Ya miƙe da ƙyar, irin miƙewar tsofaffi. Ya zo bakin barandar yana shinshina iska. Sai ya fara wani kuka, ba haushi ba, kuka siriri kamar na jariri, jelarsa na kaɗawa har duk bayansa na rawa.

"Me ya samu wannan?" in ji Mama.

Kafin a ba ta amsa, karen ya faɗo ruwa. Tsulum!

Ya nufo mu, kansa kaɗai a sama, yana nitsewa yana tasowa.

Neil ya miƙe tsaye.

"Juno! A'a! Koma, Juno!"



Ba wanda ya faɗi sunan karen nan. Tsohuwar ba ta buɗe baki ba.

Shi kansa ya ji abin da ya faɗa. Amma karen ya fara gajiya, hancinsa na shan ruwa. Neil ya maida sandar tsakiya, ya kwanta a kan gefen jirgin, rabin jikinsa a waje, mutumin da ruwa ke ba tsoro. Ya cafko wuyan karen ya jawo shi ciki. Karen ya haye ƙirjinsa yana lasar fuskarsa yana kuka, ya girgije jiki, ruwa ya wanke kek da pancit.

"Yesu da Maryamu!" Mama ta ɗaga ƙafafu.

Hular Neil ta faɗi. Tsohuwar ta ajiye butar hannunta a hankali.

"Anders," ta ce.

Ba da ƙarfi ba. Ruwa ne ya kawo mana muryar.

Mama ta waiga bayanta tana neman wanda ake kira.

"Wane ne Anders?" na ce.

Neil bai ɗago ba. Hannunsa na cikin gashin karen.

"Da kai nake. Wane ne Anders?"

"Ni ne."

"Neil ɗin fa?"

"Shi ma nawa ne. Sunana na tsakiya."

"Montana fa? Shanun fa?"

"Na zauna a can. Daga baya."

"Bayan me?"

Tsohuwar ce ta amsa. "Kawo min karena tukuna, sai ka ba su labari. Ka iya ba da labari ai."

Ba yadda zai yi. Ya koma sitiyari, ya kai jirgin jikin barandar, ya jera shi da katakon ko gogawa bai yi ba. Bai ɗaure ba, da hannu ɗaya ya riƙe ƙarfen barandar.

"Sannu, Gudrun," ya ce.

"Kada ka gaishe ni. Juno, zo nan."

Karen ya ƙi. Ya ƙara cusa kai a cinyar Neil.

Gudrun ta bi mu da kallo. Idanunta shuɗaye ne, ba hawaye ko ɗigo. Ta tsaya a kan Mama.

"Baiwar Allah, waɗannan 'ya'yanki ne?"

"Nawa ne."

"Ki sa su ɗaura rigar ceto." Ta juya gare shi. "Har yanzu kana fita da mata yawo a ruwa, Anders?"



"Gudrun, don Allah."

"Don Allah me? Ka gaya musu ko in gaya musu?"

"Gaya mana me?" Muryar Mama ta canja, wasan ya fita daga cikinta. "Ɗana, dube ni. Wace ce wannan matar a wurinka?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Surukata ce."

"Kana da mata?"

"Da. Ina da ita da. Sunanta Annika. A gidan nan muka zauna, saman nan ɗakinmu ne. A tafkin nan na girma, Mama Consuelo, ubana gyaran jirage yake yi."

"Tana ina?" na ce.

Ya dubi ruwa.

"Wata yamma muka fita a ƙaramin jirginmu, mu biyu. Muka yi faɗa. Ta miƙe tsaye cikin fushi, wani babban jirgi ya wuce, igiyar ruwa ta kaɗa mu. Ta faɗi, kanta ya bugi gefe, ta nitse. Na bi ta. Na daɗe kafin in same ta."

"Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba. Ba ta kuma tashi ba. Tana kwance a gidan jinya, shekaru ke nan. Ido a buɗe, ba ta san kowa ba."

"Ta san ni," in ji Gudrun.

"'Yan sanda sun tsare ni, sun yi tambayoyinsu, sun sake ni. Ba su sami komai ba don ba komai. Amma Gudrun ta bi gidajen nan ƙofa ƙofa tana cewa ni na tura ta. Aka daina amsa gaisuwata. Wani ya rubuta abu a jikin motata. Kotu ta raba auren, na tattara na tafi. Da na dawo, ban iya dawowa da sunan Anders ba."

"'Yata ta iya iyo kafin ta iya tafiya," Gudrun ta ce, da Mama take magana. "A kan jirgi na yaye ta. Ba ta taɓa zamewa ba ko ruwa na hauka. Kuma da aka kwantar da ita a asibiti, na ga shatin yatsu a damtsenta. Na mutum. Huɗu a gaba, ɗaya a baya."

"Jawo ta na yi daga ƙasan ruwa! Da me zan riƙe ta?"

"Faɗan me kuka yi?" na ce.

Ya hau shafa kan karen.

"Ka ce kun yi faɗa. A kan me?"

"Abin da ke tsakanin miji da mata."

"Barinsa za ta yi," in ji Gudrun. "Jakarta na ɗakina a haɗe tun safiyar ranar."

"Ban san da jakar ba."

"Haka ka gaya wa 'yan sanda."

Mama ta yi alamar gicciye. Ni kuwa zuciyata na ta tafasa. Wata da watanni ina cewa mutumin nan labarinsa ya cika santsi, ana ce min mai baƙin ciki. Amma wallahi ban ji daɗin cin gaskiyata ba. Ƙanwata na tuna. Rigar aurenta na rataye a ɗakina don kada ya gani.

Na juya in rungume ta.

Marivic na zaune yadda take. Ba kuka, ba rawar jiki. Tana kallon Neil kamar mai jiran ya ƙarasa karatu.

"Marivic. Ba ki ji abin da ake faɗa ba ne?"

"Na ji, Yaya."

"Shi ke nan? Kin ji?"

Gudrun ta sauke ajiyar zuciya, muryarta ta yi laushi karon farko.

"Na gaya miki karen zai gane shi, Marivic. Kika ce ya tsufa."

Na dubi tsohuwar. Na dubi ƙanwata.

Ba wanda ya gabatar da su.

Hannun Neil ya tsaya cak a kan karen.

"Kun san juna?"

"Tun watan Afrilu," in ji Marivic.

"Ta yaya?"

"Ka san aikina."

Marivic ma'aikaciyar jinya ce. A gidan kula da masu doguwar jinya take, can arewacin gari.

"A Afrilu aka maida ni hawa na sama," ta ce. "Ranar farko na shiga wani ɗaki in juya mara lafiya. Mace, kyakkyawa, gashinta har kafaɗa, uwarta na taje mata. Na ɗaga kai in duba ruwan da ake ƙara mata, sai ga hoto a bango. Ita, da baƙin kare, da kai. Kana dariya. Zobenka na hannuna a lokacin, Neil. A ƙarƙashin safar roba."

"Marivic..."

"Ban gama ba. Na shiga banɗaki na yi amai. Na fito na ƙarasa aikina. Na dawo gida na dafa maka abinci."

"Kika ɓoye min?" Mama ta ce. "Ni uwarki?"

"Mama, da na faɗa miki da kin gaya wa Yaya. Da Yaya ta ji da ta kwana a gidan yari."

Ban musa ba.

"Jira na yi ka faɗa da bakinka," ta ci gaba. "Na tambaye ka ko ka taɓa son wata kafin ni, ka ce ba wadda ta kai a faɗa. Na tambaye ka tabon da ke tafin hannunka, ka ce wayar shinge ce. Na ce mu je ka nuna min kabarin iyayenka, ka ce hanya ba kyau. Kullum da safe ina wanke matarka, ina goge mata baki, ina yanke mata farce, da yamma in zo ka ba ni labarin shanu."

"Tsoro na ji. Na san in kin sani za ki tafi."

"Da ka gwada ni."

"Ina sonki. Wannan ba ƙarya ba ne."

"Ban sani ba. Shi ya sa na kawo ka nan. Na ce ko a hanya za ka tsayar da mota ka faɗa. Ko a matsaya. Ko da na ce ka juya gabas. Har muka iso ƙofar gidan kana jan hula. Kare ya fi ka gaskiya."

Hawaye ya zubo masa. Na gaske ne, na gani. Har Mama ta kawar da kai. Ni ma, kada in ɓoye muku, wani abu ya ɗan motsa a raina. Na ce ƙila dai mutum ne da tsautsayi ya faɗa wa, ya gudu daga bakin mutane, ƙarya ɗaya ta jawo masa goma.

"Ban tura ta ba," ya ce. "Na rantse da duk abin da kuka yarda da shi. Da Annika na iya magana da ta wanke ni."

Marivic da Gudrun suka haɗa ido.

Gudrun ta gyaɗa kai.

"Akwai abin da ban faɗa ba," in ji Marivic.

"Mene ne?"

"An canja mata magani kwanakin baya. Ta fara bin mutum da ido. Ta fara matse hannu in an ce ta matse." Ta ja numfashi. "Ranar Talata ina gyara mata filo, ta kama hannun rigata. Annika ta fara magana, Neil."

Na zuba masa ido. Ina so in ga abin da fuskar za ta yi.

Mutumin da yanzun nan ya ce maganarta ce za ta wanke shi. Na jira ya ce Allah na gode. Na jira ya ce yaya jikinta, ta gane uwarta, za a bar ni in gan ta.

Hawayen ya tsaya. Leɓensa ya yi fari.

"Me ta ce?"

Marivic ta tsare shi da ido.

"Marivic. Me ta ce miki?"

Gudrun ta tako har bakin katako. "Juno, fito. Yanzu!"

Marivic ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Ta miƙa hannu ta kamo na Mama, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Yaya, karɓi sitiyarin."

Na miƙe. Sai a lokacin na lura ya saki ƙarfen barandar. Ruwa ya buɗe tsakaninmu da Gudrun, ya fi ƙarfin tsallake, yana kuma ƙara faɗi.

Na ɗora hannuna a kan sitiyarin.

Nasa na kai.

"Saki," na ce.

Bai saki ba.